Tarin da Ya Jira Tafi

Duk ranar da za a ɗauki faifai, Malam Soumaïla kan baro ɗakinsa na Sevran, a gefen Paris, da hantsi, da safa mai kauri a aljihu. Shi ke rataya makirfo a saman dandamalin opera, wato wasan kwaikwayo na waƙa, nan Paris ko can Lyon. Da 'yan kallo sun zauna sai ya tuɓe takalmi, ya hau wata siririyar gada ta ƙarfe dab da rufi, ya zauna gadin wayoyinsa cikin duhu, shi kaɗai. Can ƙasa ana ta kukan soyayya da Jamusanci, jarumar wasan ta yi ta mutuwa ta ƙi ƙarasawa. Shi kuwa ko gyaran murya ba dama, don makirfo ba ya rufa wa kowa asiri.

Ni ke ɗinka kayan 'yan wasa. Shekara da shekaru ban ga sunansa a bayan faifai ba, kuma abin yana ci mini rai.

Bara sanyin Lyon ya sa masa mugun tari, ga shi faifansa na ƙarshe ne kafin ya ajiye aiki. Tari ɗaya daga sama ya isa ya ɓata wahalar kowa.

Na ce, "Malam, ka bar wani ya hau mana."

Ya ce, "Hajiya, yaran nan ba su iya zama shiru ba. Ça va, ba komai, zan riƙe."

Moussa mai kula da fitilu ya hango shi ya cusa hula a baki, hawaye na zuba, har waƙa ta ƙare. Sai da zaure ya ɓarke da tafi ya saki tarin.

Malam, kai ne gwanin da aikinsa ba ya kyau sai an rasa jin ɗuriyarsa.

Ya aika wa 'yarsa Raliatou faifan a Zinder. Ita kaɗai ta rage masa tun rasuwar matarsa, kuma an daɗe rabonsu da ganin juna. Muna tare ta kira shi.

"Baba, waƙar kam ban gane komai ba. Amma cikin tafin nan na ji tarinka. Wurin kaɗai nake ta maimaitawa. Don Allah ka ga likita."

Ya juya mini baya ya daɗe yana goge ido.

Mun gode, Malam, Allah ya ba ka lafiya. Matasa, ku koyi irin wannan riƙon amana. Ku kuma masu saurare, in kun kai ƙarshen faifan kada ku yi saurin kashewa. Ku bar tafin ya ƙare, akwai mutum a ciki.