Shekarar da Baba Ya Mai da Ni Lakwal ɗin Gangara

Mahaifina ya yi shekaru yana koyarwa a Gangara kafin a zaɓe shi depite, wato ɗan majalisa. Har a majalisa mushe ake ce masa, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu, kuma magana ɗaya ya riƙe: yaro ya fara karatu da harshen da ya sha a nono, Faransanci ya biyo baya. Da aka amince a gwada, sai ya nemi a buɗe ajin farko a garinsu. Sufeton makarantu na Tanut ya ce in iyaye ba su kawo yara ba, zai rufe ajin.

Iyaye kuwa ba su so. Cewa suke Hausa tana nan a gida kyauta, Faransancin da ke kai mutum biro, wato aikin ofis, shi suke nema.

Ran kasuwa Baba ya tara mutane a inuwar kuka. Ya yi bayani mai tsawo, har wani tsohon mai sayar da raƙuma ya ɗaga sandarsa.

"Mushe, ɗiyarka ina take karatu?"

"A Damagaram, Alhaji."

"Da wane harshe?"

"Da Faransanci."

"To. Mai maganin kasuwa shi ke fara lasa kafin ya miƙo. Kai ka kawo mana kwalba a rufe."

Aka yi dariya. Baba ya sa hularsa ya ce, "Ka yi gaskiya."

Ni ce ɗiyar. Lokacin na gama ajin farko a hannun gwaggota. Kafin a gama yankan gero Baba ya zo ya ɗauke ni. Inna ta ce siyasa ta shigo mata ɗaka, ta kwana uku ba ta yi masa magana ba. Ni ma na yi kuka, don sai da na sake ajin daga tushe.

Ranar buɗe lakwal, wato makaranta, mu kaɗan ne, benci biyu ba su cika ba. Da hantsi sai ga tsohon nan ya leƙo ta taga. Ya dube ni da kyau.

"Ke ce ta mushe?"

Na ce ni ce.

"Karanta mini abin da ke allon can."

Haruffan na san su tun Damagaram. Na haɗa su a hankali: "Rijiyarmu tana da zurfi."

Ya ce, "Wannan kam ba ƙarya." Ya tafi. Washegari ya dawo da jikokinsa huɗu, bayansa maƙwabta da nasu. Da sufeto ya zo, wasu a tabarma ya tarar da su.

Baba ya faɗi zaɓen da ya biyo baya, kuma ƴan adawa da wannan batu suka yi masa kamfe. Ajin dai ba a rufe shi ba. Bara na wuce ta Gangara, na tarar jikar tsohon ce ke koyarwa a ciki.