Ranar da Na Kurɓi Ruwan Rijiyar Mantuwa

Shekarun baya, duk ma'aikatarmu babu mai kaifin ƙwaƙwalwa irina. Na haddace lambar kowace bas da ke bin hanyar Masaka, har direbobi kan tsayar da ni su tambayi lambar motarsu.

Lokacin farar hula sun dawo mulki, harka ta buɗe, bita kan bita. Aka tura mu wata bita a Legas. Uwargida ta ce in taho mata da man kwakwa, na ce ta ɗauka ya riga ya shiga kicin ɗinta.

Da aka gama bita, aka kai mu Badagiri ganin hanyar da ake bi da bayi zuwa bakin teku. Muka tsallaka ruwa a kwalekwale, muka miƙa cikin yashi, ni a gaba. Azahar ta yi, sai ga rijiya a gefen hanya. Bahaushe da rijiya! Kafin jagoranmu ya iso na ja ruwa, na yi alwala, na ƙara da kurɓa mai kyau.

Jagoran, wani Bayarabe mai jin Hausa, ya dafe kai. "Oga, ka sha? Wannan ruwa ake ba bayi su manta gida kafin su hau jirgi!"

Wani abokin aikina ya matso yana danne dariya. "Alhaji, ya sunan autarka?"

Wallahi sai da na yi ta laluben sunan kafin ya zo min.

Daga nan ban sake samun sukuni ba. Washegari a gandun daji kowa na kallon birai da kadoji, ni ina baya ina jero sunayen 'ya'yana, da kakannina, da kwanar gidanmu a Kurudu. Biri ya fizge min hula, ban bi shi ba, kada jerin ya tsinke.

Yau abin dariya ne. Sai dai ni na tsorata kawai, na dawo gida. Waɗanda aka tsayar a bakin rijiyar nan ba su dawo ba. In na tuna, sai dariyar ta ɗauke.

Na dai iso Kurudu, na kira kowa da sunansa, har akuya. Ina haki na ba uwargida labari. Ta miƙo hannu.

"Man kwakwa fa?"

Na buɗe baki zan ɗora wa rijiya, ta riga ni.

"Kar ka yi wa rijiyar mutane sharri, Alhaji. Bara da ka manta ni a kasuwar Masaka ka taho gida, ruwan ina ka sha?"