Yadda na koma bakin ƙofa

A shagon kawuna da ke unguwar Mansur, a ƙasa mai tsarki, wurina can ciki yake, bayan buhunan dabino. Nan nake ninke dardumar salla, in babu aiki in buɗe littafi. Ba na iya magana da baƙi, kuma ba abin da nake so kamar a bar ni a wurin.

A shekarar ina karatu a kan tsohon harshen da ya haifi Rashanci da yaren Bosniya da danginsu. Ba wanda ya taɓa rubuta shi. Masana ne suka jera kalmomin jikokin suka gano yadda na kakan za su kasance, suka sa wa kowace kalma tauraro a gaba, alamar cewa kirdado ce. Kawu ya tambaye ni me nake karantawa, ya saurari rabin farko na bayanin.

Idan alhazai suka cika gari, duk mai wani yare a shago bakin ƙofa yake tsayawa yana kiran masu yaren.

"Ustaz, fito," in ji Kawu. "Kai ne na Turawan nan."

"Kawu, masu yaren sun rasu tuntuni."

"Allah ya ji ƙansu. Yalla, tashi, ga jikokinsu can suna wucewa."

Muka yi da shi cewa idan na gwada ba wanda ya waiwayo, zan koma ciki. Hankalina kwance. Kalmomin da na riƙe su ne kerkeci, ƙanƙara, garma da suruka. Abu ɗaya tak muke sayarwa da na san sunansa, wato zuma.

Wata dattijuwa fara ta zo wucewa da jakar takalmanta. Na kalli ƙasa na ce "medu", har da ɗan guntun wasalin ƙarshe da masana suka ce akwai shi a da.

Ta tsaya. "Med," ta ce, ta yanke wutsiyar kalmar da hannu a iska. Ta yi mini dogon jawabi tana dariya, ban gane komai ba. Ta sayi zumar. Washegari ta dawo da matan ayarinsu, ta nuna ni, suka jira in sake faɗa.

Da suka tafi na ce, "Kawu, kalma ɗaya ce fa na sani."

"Wa ya ce ka ƙara?" ya ce, ya ɗaga waya ya sa a kawo wata zumar.

A bakin ƙofa na tsaya har alhazan ƙarshe suka bar gari.