Hannun Jimrau Mai Jan Ruwa

A ƙasar Dakoro ruwa nesa yake. Baƙo kan leƙa rijiya ya hangi wani abu can ƙasa kamar ƙwayar ido, a ce masa ai ruwan ke nan. Gidan su Jimrau, a wani ƙauye kan hanyar Kornaka, tun kaka da kakanni a bakin rijiya suke tsayuwa. Takarkari, wato san aiki, ya ja igiya ya yi nisa, wasaki, babban gugan fata, ya fito cike, na tsaye a baki ya naɗe igiya a hannu ya fizgo shi, ya juye a kwamin shayar da dabbobi. Aikin ke nan, kuma dokarsa ɗaya ce: ba a sakin igiya. Wanda ya bari wasaki ya koma rijiya, mata sun sami waƙar daka har shekara ta zagayo.

Jimrau bai taɓa shiga waƙar nan ba. Ba shi da gona tasa, ba shi da garke. Hannunsa na dama shi ne gadonsa.

Shekarar da Faransa ta nemi soja, aka dubi faɗin ƙirjinsa aka nuna shi. Inda ya je da abin da ya gani, bai cika faɗa ba. Abin da aka sani, da yaƙi ya ƙare an sauke su a Dakar, aka ce su jira motar gida. Jiran ya yi tsawo. Abokansa suka zauna dara a gindin bango, shi kuwa zama na sa masa ciwon baya, sai ya riƙa gangarawa bakin teku yana kama wa masunta jan jirgi.

Can ya haɗu da Samba, wani dattijon masunci mai kwalekwale. Da kaka, in ruwan sama ya ɗauke, manyan kifaye sukan matso kusa da gaɓa, Samba kan ɗauki Nasaran da ke sha'awar kamu ya kai su inda kifi yake. Wanda suka fi so shi ne mai haƙora jere-jere, da suke ce wa rakan. Jimrau da ya ga bakinsa sai ya sa masa suna kurar ruwa. Samba ya lura da yadda baƙon nan ke kama igiya, ya murza tafin hannunsa ya ji kamar ƙirgi, ya ce gobe ya zo. Ba su jin yaren juna. Da Faransancin bariki da nuni suke magana, kuma Samba bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai “Hausa”.

Ƙananan kifaye ba su ba shi wuya ba. Ya koyi saƙala nama a ƙugiya, ya koyi zubar da jini a ruwa don kira, ya koyi yin amai ba tare da ya ɓata takalmin Nasara ba.

Wani hantsi suka fita da wani Nasara mai jan wuya. Igiya ta motsa, Nasaran ya ja, ya ji abin ya fi ƙarfinsa, ya miƙa wa Jimrau. Jimrau ya karɓa yadda ubansa ya koya masa. Ya naɗe ta a hannu, ya kafa ƙafa.

Wasaki nauyi kawai gare shi, ba shi da niyya. Wannan kuwa yana da inda za shi.

“Saki, Hausa!” in ji Samba. “Saki!”

Jimrau ya ji, kuma ya gane. Sai dai a duk rayuwarsa ba a taɓa faɗa masa wannan kalma a kan igiya ba. Kwalekwale ya karkata, ruwa ya fara shiga, Nasaran ya rungume hularsa yana kiran uwarsa. Jimrau ya ƙara naɗi ɗaya. Sai da Samba ya tsallako da wuƙa ya datse igiyar. Kifi ya tafi da ƙugiya, likitan soja kuma ya ƙarasa abin da igiya ta fara. Yatsa biyu ya rasa a Dakar.

Yana jinya motar gida ta zo. Abokai suka ɗaure kaya, suka ce ya tashi.

“Ku gaida Inna Uwale,” ya ce, yana nufin uwarsa. “Ku ce mata ina tafe.”

“Mi ka ajiye nan, Jimrau? Ko ka yi mata a cikin ruwan?”

Suka tafi suka bar shi. Da daddare ba ya barci, da rana yana gwada damƙar sanda, tana zamewa. Ya san in ya isa gida haka, za a yi masa barka, a ba shi inuwa, wani ya tsaya a bakin rijiya.

Da miki ya kame ya koma gaɓa. Samba na ɗinkin komar kamun kifi, ya ɗago kai.

“Ka kawo wa kifin sauran yatsun ne?”

“Koya mini,” in ji Jimrau.

Dattijon ya ajiye komar. Sannan ya nuna masa wani guntun ice da ke kafe a gefen jirgi, duk igiya ta cinye shi ya yi santsi. Ya zagaya igiya a jikinsa, ya buɗe tafinsa ya bar ta tana gudu, ya matse kaɗan, ya sake buɗewa. Ice ke riƙo, hannu lallashi kawai yake yi. Jimrau ya naɗe tafinsa da tsumma ya fara. Wahalar ba a yatsun take ba. Duk sa'ad da igiya ta ja, hannun da kansa yake rufewa, Samba ya buga masa filafilin tuƙi a kafaɗa.

“Buɗe, ɗan rijiya! Wannan ba sanka ba ne!”

Kaka ta kusa ƙarewa, manyan suka fara ja da baya, sannan wata kurar ta ɗauki ƙugiya. Jimrau ya ba ta igiya ta tafi har ta gaji, ya jawo, ta sake tafiya, ya sake ba ta. Rana ta yi tsaka kafin ta kwanta a gefen jirgi. Nasaran ranar ya tsaya kusa da ita aka ɗauke shi hoto. Jimrau ya wanke tsummansa, ya yi sallama da Samba, ya nemi hanyar gabas.

A gida wansa Intalla ne ke bakin rijiya. Ya juya hannun ƙanensa sama da ƙasa, ya ce, “Sannu, soja. Awakin Inna na neman mai kiwo.”

“Yaya, ba ni igiya.”

“Rijiya ba ta san soja ba.”

“Ba ni dai.”

Aka ba shi, don a huta da shi. Mutane suka ga yana zagaya igiya a jikin gwafar rijiya, suka yi ta dariya, wai ya koyo jan ruwan Nasara. Ya yi kwanaki yana aiki a hankali, ana haƙuri da shi kamar yadda ake yi da mai lalura.

Ranar kasuwar Kornaka, shanu sun yi yawa, ana gaggawa, ƙullin da ke jikin takarkari ya kwance wasaki na dab da baki. Igiya ta juyo da gudu. Jimrau ya buɗe hannu.

“Ya saki!” wata mata ta yi kururuwa. “Wallahi ya saki!”

Igiya na gudu a jikin gwafa har tana hayaƙi. Ya matse kaɗan, ya buɗe, ya sake matsewa. Gudun ya ragu, ya ragu, ya tsaya, da sauran igiya a bayansa. Aka komo da takarkari aka ɗaura, wasaki ya fito, rabin ruwansa na ciki.

Matar ta ce to, wannan saki ne ko ba saki ba ne? Aka yi ta gardama, tsofaffi ma suka rabu biyu. Intalla kuwa ya matso bakin rijiya. Ya tsuguna yana shafa inda igiya ta ƙona gwafar, ya daɗe a haka. Da ya miƙe sai ya ce shi gobe zai bi takarkari, gwiwarsa ta fara damunsa da tsayuwa.

Jimrau ya tsaya a bakin rijiyar nan har gemunsa ya yi fari.