Kirsimetin da Na Yi Gadin Fili

Bayan sojoji sun koma bariki, filin bayan gidanmu a unguwar Romi ta garin Kaduna ya fara tsone wa masu kuɗi ido. Mutane sai ƙaurowa suke yi daga tsallaken kogi, ko'ina gini. Shi kaɗai ya rage mana. Nan yara ke buga ƙwallo, nan muke kafa rumfar biki da ta makoki, nan 'yan siyasa ke zuwa su yi mana alkawarin famfo.

Wata safiya muka tarar da turakun siminti a kusurwoyinsa. Gidauniyar unguwa, wadda muka kafa don gyaran kwata da rijiya, ta kira taro. Shugabanmu, tsohon ma'aikacin masaƙa, ya ce lauya na nan yana ƙoƙari, amma kotu ba ta sauri, kuma duk wanda ya riga zuba yashi da bulo, fitar da shi sai Allah. Don haka kada a kuskura a bar filin babu mutum.

Aka raba kwanaki. Mu 'yan zumuntar mata muka kwaso tukwanen kiɗanmu daga coci, muna koyon waƙa a rana har muka yi baƙi ƙirin. Masu citta suka riƙa shanya a can. Duk da haka, in na ji ƙarar babbar mota sai in fito da sauri in leƙa filin.

Abu ɗaya muka manta: Kirsimeti. Mu mutanen kudancin Kaduna, ko ana ruwan wuta sai mun je gida. Shugaban da kansa ya ɗora akuyarsa a bas ya tafi, ko waiwaye babu. Na gama haɗa kaya, na leƙa na ga filin wayam, sai ƙafata ta ƙi tafiya. Na ce wa maigida ya wuce da yara, ya gaya wa Mama, mahaifiyata, ina tafe.

Washegarin Kirsimeti tifa ta iso, cike da yashi. Ni kaɗai ce a wurin, a kan kujerar roba, na baza zannuwana kamar mai shanya. Direban ya leƙo.

"Mama, a beg ki matsa, zan sauke."

"Sauke a kaina," na ce. 

Ya dube ni, ya dubi zannuwan, ya ce shi aiko shi aka yi, ba kisan kai ba. Ya juya. Ban yi murna ba, don na san gobe ma rana ce. Na zauna har mutane suka dawo bayan Sabuwar Shekara.

Filin na nan har yau, shari'ar ma na nan. Kowace Disamba sai a ce ai ni na saba gadin, ni ma tsoro ba ya barina in ce a'a. Mama ta gaji da ajiye mini naman Kirsimeti. Ranar da na samu zuwa gida cikin Disamba, jana'izarta na je.