Sawun Sahabi a Kan Yashi

A Babban Duhu, idan saniya ta ɓace, Sahabi ake nema. Da ya duƙa kan sawu zai faɗa maka wadda ta wuce, har da ƙafar da ke yi mata ciwo. Shekara arba'in yana wannan karatu, amma bai taɓa waiwayar nasa sawun ba.

Wata damina bijimi ya fizge shi da igiya, jijiyar gwiwarsa ta hagu ta tsinke. Aka yi masa tiyata a Katsina, ya dawo gida yana lallaɓa ƙafar kamar ƙwai. Kowa ya taya shi lallaɓa ta. Matarsa Fanta har faɗa take yi masa in ya taka da ƙarfi.

Da ya koma asibiti, wata likita mai suna Ramlat, wadda ke binciken tafiyar waɗanda aka yi wa irin aikinsa, ta ɗaura masa na'ura a ƙafa, ta ce ya yi tafiya. Duk sanda ya taka ƙafar hagu, sai na'urar ta yi ƙara.

"Baba, tausayin ƙafar nan ya yi yawa," in ji ta. "Gwiwa tana son nauyinta. In kuka ci gaba da ɗage mata, ina tsoron sanyin ƙashi ya zaunar da ku tun da sauran ƙarfinku."

Ya tuna mahaifinsa, wanda ya ƙare kwanakinsa a kan tabarma, yana jin garke na fita ba da shi ba.

To, na'urar ba ta barin asibiti, Katsina kuma ba nan kusa ba ce. Wata safiya a mashaya ya juya, ya ga sawunsa a jiƙaƙƙen yashi: na dama ya nutse, na hagu da ƙyar ya taɓa ƙasa. Kunya ta kama shi. Da saniya ce, ai da tuni ya gane.

Tun daga ranar, kullum sai ya taka yashin nan, ya duƙa ya duba, ya share, ya sake. Mutane suka yi ta tsokanarsa, wai shanu sun ishe shi ya koma bin sawun kansa. Bai kula su ba.

Bayan girbi na biyu, Fanta tana tankaɗe a tsakar gida ta ji taku a bayan danga. Ta ajiye rariya.

"Wane ne?"

"Ni ne," in ji Sahabi.

Idonta ya kawo ruwa. "Na sani, Malam. Tun waccan daminar ban ji wannan takun ba."