Mushe Illiyasu, Malamin da Yake Tsayar da Fim

Ina bakin tafkin Madarumfa ranar Talata da hantsi Habibu ɗan Mushe Illiyasu ya kira ni, ya ce Baba ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A wajenmu Mushe ake ce wa malamin makaranta. Mushe Illiyasu ne ya koya mana tarihi a kolej, kuma shi ya sa na zama mai shirya fim.

Ranar Asabar yakan ɗauko tele daga gidansa ya sa mana finafinan daulolin dā. Ana tsakiyar yaƙi sai ya tsayar da kaset, mu yi ta gunaguni. Wata rana ya nuna wani sojan Rum bisa doki, ya ce, "Ku dubi ƙafarsa. A wancan zamani ba su san likkafa ba." Amma shi ne kuma muka gani yana share hawaye da jarumin fim ɗin ya faɗi. Na ce, "Mushe, kai da ka ce akwai ƙarya ciki?" Ya ce, "Akwai. Amma mutane sun mutu da gaske a irin wannan yaƙi. Ka ji tausayinsu, sannan ka je ka bincika."

Bara na tara samari muka fara fim kan masuntan farko na tafkinmu. Ya zo kallo da sandarsa, jikin ya riga ya yi nauyi. Da ya ga komar kamun kifi ta roba a hannun 'yan wasa, ya ja ni gefe don kada in ji kunya, ya ce, "Nafi'u, kakanninka ba su da wannan." Na gaya masa samarin sun kusa tafiya cin rani, in muka tsaya aikin ya watse. Ya ce, "Bari in yi masu magana."

Sun fasa tafiyar. Da kansa ya raka mu wajen wani tsohon masunci, muka zauna har muka iya saƙa koma da zaren rama. Yau samari da dama a garin nan sun iya, suna koya wa ƙannensu. Fim ɗin ya kusa kammala, a filin kolej ɗinsa za mu fara nuna shi.

Allah ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba matarsa Inna Rabi da Habibu da ƙannensa haƙuri, ya albarkaci bayansa. Amin.